Tasha ta sauya mita, murya ta dushe a gaba da Wurno: ina matsalar take?

Wani bawan Allah mai shagon kayan masarufi a wani ƙauye da ke gaba da Wurno, kan hanyar Goronyo, ya aiko mini da tambaya. Ya ce tashar FM da yake saurare daga Sakkwato ta tashi daga inda ya saba kamo ta, ta koma wata mita, kuma tun daga ranar bai ƙara jin ta tangaran ba. Da rana shuuu ya fi magana yawa. Da asuba wata tashar Nijar ke hawa kanta har ta danne ta. Da dare kuwa, da zarar ya kunna fitilar sola shi ke nan. A motar ƙanensa ko alamarta babu. Ya rufe da cewa: "Injiniya, mi yaf faru? Wagga sabuwar mita ce ba ta da ƙarhi, ko akwatina ya lalace?"

Malam, Allah ya saka da alheri, domin ka kawo bayani dalla-dalla yadda mai gyara yake so. Na yi shekaru masu yawa a ɗakin injin watsa shirye-shirye, na hau dogon ƙarfen eriya fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka yi saurin jefar da akwatinka. Akwatin da ke kamo tashar Nijar da asuba ras lafiyarsa ƙalau. Ita ma sabuwar mitar ba rashin ƙarfi ne matsalarta ba. Abubuwa huɗu ne daban-daban suka haɗu maka a lokaci guda, kowanne da dalilinsa da maganinsa.

Zangon FM a ƙasarmu ya fara daga megahaz 87.5 ya tsaya a 108. Lambar da mai gabatar da shiri ke faɗi, a ce 97.1 ta Rima ko 101.5 ta Royal, adireshi ce kawai, kamar lambar rumfa a kasuwa. Mutane da yawa sun ɗauka babbar lamba ta fi ƙarfi, wasu kuma suna cewa ƙarama ce ta fi zuwa nesa. Gaskiyar ita ce daga wannan ƙarshen zango zuwa wancan bambancin tafiyar sigina ɗan kaɗan ne, bai kai wanda kunnenka zai gane a shago ba. Idan tasha ta tashi daga wata mita ta koma wata, inji ɗaya, ƙarfe ɗaya, kuma an yi aikin yadda ya kamata, inda take kaiwa jiya nan za ta kai yau.

To amma a wajen "an yi aikin yadda ya kamata" ɗin nan ne gizo ke saƙa. Sauya mita a jikin injin zamani aikin minti biyu ne, maɓalli ne ake dannawa. Eriyar da ke can saman ƙarfe ita ce ba ta san an danna komai ba. Kowace eriya ana yanka ta ne daidai da tsawon igiyar da za ta harba. A megahaz 100 tsawon igiya ɗaya mita uku ne na awo. A 90 ya fi haka, a 105 bai kai ba. Akwai eriya mai faɗin baki da ke ɗaukar zangon gaba ɗaya, amma tana da tsada. Da yawan ƙananan tashoshi suna amfani da wadda aka saita wa mita guda. In aka sauya mita ba a hau an sake saita ta ba, wani kaso na ƙarfin da inji ya tura sama sai ya dawo masa ta cikin waya, kamar mai ɗura ruwa a tulu mai ƙaramin baki. Injin kuwa an ƙera shi ya kare kansa: da ya ji wuta na dawowa sai ya rage ƙarfi da kansa don kada ya ƙone. A cikin birni babu wanda zai lura. Mai saurare a Mabera ko Runjin Sambo zai ci gaba da jin abinsa. Kai da ke bakin iyakar sigina kai ne za ka fara ɗanɗanawa.

Na ga wannan da idona. Akwai shekarar da aka umarce mu da mu matsa daga mitarmu, muka sauya da daddare bayan an rufe tasha. Da safe allurar da ke nuna wutar da ke dawowa ta tashi, injin ya sauko ƙasa da rabin ƙarfinsa. Kafin azahar mutanen ƙauyuka sun fara aiko da saƙo ta hannun direbobin tasha cewa mun ɓace. Kwana uku muka yi muna hawa ƙarfe da sanyin asuba, domin da hantsi ya ɗaga ƙarfen ba ya taɓuwa don zafi, muna matsar da sandunan eriya ɗan yatsa ɗan yatsa, wani na ƙasa yana karanta allura yana ɗaga mana murya. Ranar da allurar ta kwanta, ƙauyukan nan duka suka dawo. Saboda haka idan dushewar da kake ji ta fara ne daidai ranar sauyin, kuma maƙwabtanka ma haka suke ji, zatona na farko yana kan eriyar tashar. Wani lokaci kuma sauya mita yana zuwa tare da sauya wuri ko sauya ƙarfe, a sauko da eriya daga sama zuwa tsakiyar wani ƙarfen haya. Wannan ya fi komai cin nisa, kuma ba a cika sanar da shi ba.

Kada ka ɗauka gidan rediyo yana tashi daga mitarsa don marmari. Babu mai son haka, domin lambar ta riga ta zauna a bakin mutane, an buga ta a allo da jikin mota. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisi ta kuma raba mitoci, tana da ofishin shiyya a nan Sakkwato. Takan matsar da tasha idan sababbi sun shigo wuri ya yi matsi, ko biyu suna taka juna. Akwai kuma yarjejeniyar da aka ƙulla a Janeba a 1984 ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda ta tsara rabon mitocin FM tsakanin ƙasashen Afirka da Turai. Duk tashar da ke kusa da iyaka sai an duba kada ta shiga gonar maƙwabta. Tsakanin 2019 da 2022 ƙasashen Afirka sun sake zama a kan wannan tsari don a samo wa sababbin tashoshi gurbi.

Dalili na uku da ke sa a matsar da tasha shi ne wanda ba a wasa da shi: jiragen sama. Daga 108, inda FM ya ƙare, nan take zangon jirage ya fara. Daga 108 zuwa 118 na na'urorin da ke yi wa jirgi jagora ne har ya sauka, daga 118 zuwa 137 kuma na maganar matuƙi da hasumiya. Idan sigina biyu masu ƙarfi suka gauraya, ko a cikin inji, ko a cikin akwati, ko ma a wani kusoshin ƙarfe da ya yi tsatsa, sukan haifi ta uku da babu wanda ya harba ta. Lissafinta shi ne ka ninka ɗaya sau biyu ka cire ɗayar. A ce wata tasha tana 107.0, wata tana 104.0: 214 a cire 104, saura 110, cikin zangon saukar jirgi ke nan. Garin da ke da filin jirgi kamar na Sultan Abubakar III, musamman lokacin jigilar alhazai, dole a sa ido a kan wannan. In aka gano haka, matsar da tasha ɗaya shi ne mafi sauƙin magani.

Yanzu bari mu zo kan ƙauyenku, don a nan ne gundarin maganar yake. Siginar FM tafiyarta irin ta haske ce. Ka ɗauka an rataye fitila a saman dogon ƙarfe a Sakkwato: duk wanda zai iya hango ta zai ji tashar, wanda doron ƙasa ya kare masa kuma sai dai ɗan abin da ya zubo ta gefe. Muna da lissafin da muke yi da ka. Eriya mai tsayin mita 100 tana hango wajen kilomita 41. Mai mita 64 tana hango 33. Ko an kai ta mita 150, kilomita 50 ne. Sannan a ƙara abin da eriyar mai saurare ke hangowa: akwati a kan benci, mita ɗaya daga ƙasa, kilomita 4, eriya a kan gora mai mita tara, kilomita 12. Wurno a miƙe, ba ta kwalta ba, kilomita talatin da 'yan kai ce daga Sakkwato. Goronyo ta haura 60. Isa da Sabon Birni sun wuce 120. Kai da ke tsakanin Wurno da Goronyo kana zaune ne daidai inda hasken fitilar ke ƙarewa. A irin wurin nan abu kaɗan ke raba ji da rashin ji.

Ƙasar tamu ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda baƙo ke zato. Akwai tuddai masu jan marmara a ka, akwai gangaren da ke sauka kwarin gulbin Rima. Ƙauyen da ke kan tudu yana iya jin tasha ras, na ƙasansa a bakin fadama, tafiyar minti goma a ƙafa, yana cikin inuwa. Na sha zuwa garin da a bakin makarantar firamare ana ji, a gindin kasuwa ba a ji, mutane suna ta zargin batir.

Masu gidajen rediyo suna son maganar kilowat, domin ita ce ke da daɗin faɗi a wajen buɗe tasha. Ni kuwa kullum ina ce musu tsayi ya fi ƙarfi. A fili irin namu, in ka ninka tsayin eriya sau biyu, ribar da za ka samu daidai take da ninka ƙarfin inji sau huɗu. In kuma da ƙarfin inji kaɗai kake son ninka nisan da kake kaiwa, sai ka ninka shi wajen sau goma sha shida, kuma ko haka ba zai lanƙwasa maka doron ƙasa ba. Ga kuɗin dizal, wanda tun 2022 ya zame wa kowace tasha ƙarfen ƙafa. Ba ɓoyayyen abu ba ne a cikin sana'armu cewa in an ɗauke wuta aka koma janareta, wasu kan sauke ƙarfin inji ko su koma kan ƙaramin na ajiya. In ka lura tashar tana ƙarfi a wasu sa'o'i tana raunana a wasu ba tare da wani tsari na safe ko yamma ba, wannan ne. Zafin bazara ma yana da nasa rabon. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, ɗakin injin da na'urar sanyayawarsa ta gaza zai sa injin ya rage ƙarfi da tsakar rana. Ƙurar hunturu kuwa, da ake yawan ɗora wa laifi, ba ta tare siginar FM a iska. Ƙwayar ƙura ba komai ba ce a gaban igiya mai mita uku. Ɓarnarta a cikin ɗakin inji take, inda take toshe matatar iska injin ya yi zafi.

Sai baƙuwar asuba, wato tashar Nijar ɗin nan. Ka san wani abu? Daga Goronyo, nisan Ƙonni da nisan Sakkwato kusan ɗaya ne a miƙe. Mu ne muke ganin iyaka a Illela, sigina ba ta san da ita ba. Nijar kuma tana da gidajen rediyo da yawa, na gwamnati da masu zaman kansu da na karkara, daga Ƙonni zuwa Madawa zuwa Tawa. Da rana yawancinsu ba sa isowa gare ka da ƙarfi. Amma a daren da sama ta yi garau babu iska, musamman da hunturu, ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke kwance a kanta ta yi sanyi, ta samanta kuma ta fi ta ɗumi. A kan fadama ga kuma raɓa da laima a ƙasa-ƙasa. Wannan shimfiɗa ta iska kan lanƙwaso sigina ta dawo da ita ƙasa maimakon ta wuce sama, sai ta bi ta kamar ruwa a cikin kwata, ta yi tafiyar da ta ninka ta kullum. Da rana ta ɗaga ta dama iskar, wajen ƙarfe tara ko goma, sai hanyar ta rushe, baƙuwar ta koma gida. In ka duba za ka ga lokacin da take tafiya kusan ɗaya ne kullum.

Abin da ya sa take danne taka ɗungurungum, ba ku ji su tare ba, hali ne na FM tun daga ƙirarsa. Tun da Edwin Armstrong ya fito da wannan fasaha a Amurka a 1933 aka san cewa in sigina biyu suka haɗu a mita ɗaya, akwati yakan kama wadda ta fi ƙarfi ya yi watsi da ɗayar, ko da fifikon kaɗan ne. A matsakaicin zango kana iya jin tashoshi biyu suna magana a kan juna. A FM sarki ɗaya ne a gari. In ƙarfinsu ya zo kusan daidai sai ka ji suna karɓe-karɓe, wannan ta yi jimla ɗaya waccan ta ƙwace. A nan sauya mita yana iya zama sanadi kai tsaye: tsohuwar mitar wataƙila babu kowa a kanta a tsallaken iyaka, sabuwar kuma ta faɗa kan ta wani ko dab da ita. Idan dab da ita ne, ba a kanta ba, akwati mai kyau zai iya raba su. Ƙananan akwatunan nan masu araha, masu tocila da wurin sa memori, matatarsu a buɗe take, suna haɗiye maƙwabta biyu a loma ɗaya. Wasu tashoshin kuma suna ƙara dagula lamarin da kansu, suna cika sauti fiye da ƙa'idar kilohaz 75 da aka yarda sigina ta yi lilo, don a ce muryarsu ta fi ta kowa kauri. Abin da ke biyo baya shi ne su fantsama kan na kusa da su. Wannan ɗabi'a ina ƙinta ƙwarai, domin cutar maƙwabci ce, kuma ita kanta muryar tana fashewa.

Maganar fitilar sola ita ce mafi sauƙi, kuma a hannunka take. A cikin kwan fitilar LED mai araha, da cajar waya, da inbata, da na'urar da ke daidaita cajin batir, akwai ɗan da'irar da ke kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Kamfanin kirki yakan sa mata matata. Na banza yakan cire matatar don ya rage 'yan kuɗi, sai wayar da ta taso daga batir zuwa fitila ta zama eriya, tana watsa hayaniya a cikin shagon. A birni siginar tasha ta fi ƙarfin hayaniyar, ba a ji. A wurinka siginar ta iso a gajiye, fitilar kuma tana taku biyu daga akwati. Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka sa wa akwatin batir, ka cire shi daga caji, ka kashe komai na shagon, ka kamo tashar. Sannan ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda shuuu ya taso da shi, shi ne ɓarawon. Sau da yawa kwai ɗaya ne tak cikin biyar, ka sauya shi da wani iri magana ta ƙare. In shagonka ana cajin wayoyi, ka nisanta akwatin daga allon caji ko da taku huɗu ne, domin irin wannan hayaniya tana mutuwa da sauri in aka ba ta tazara. Wani tas-tas-tas da ke zuwa yana wucewa kuma na fulogin kabu-kabu ne ko ƙaramin janareta.

Motar ƙanenka kuwa, ka tambaye shi inda lambobin rediyonta suka tsaya. Rediyon da aka ƙera don kasuwar Japan daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, sababbinsu ne ke kaiwa 95. In tashar ta tashi daga ƙasa da 90 ta haura sama, ta fita daga duniyarsa gaba ɗaya. Masu wayarin mota suna da ɗan akwatin da ake sa wa a wayar eriya ya jawo zangon ƙasa, sai dai lambar da za ka gani a fuskar rediyon ba za ta zama ta gaskiya ba. Motocin da aka yi don Amurka kuma, waɗanda suka cika cikin na Kwatano, rediyonsu tsalle biyu-biyu yake yi a kan lambobin mara: 88.1, 88.3, 88.5. Tashar da lambarta ta ƙare da cika, kamar .2 ko .4, ba zai zauna a kanta daidai ba, sai dai ya tsaya a gefenta ana ji da ƙaiƙayi, in ka sa shi ya nema da kansa ma ya tsallake ta. Wasu ana iya sauya musu yanki a cikin saiti, wasu sai an sauya rediyon.

Ga abin da nake so ka yi da hannunka, shi ne zai fi yi maka amfani. Kafin komai, ka fito da akwatin daga ƙarƙashin rufin kwano. Kwano garkuwa ne, shagon kwano kuma kamar tukunya ce aka kife a kan rediyo. Ka ja eriyar ta miƙe, wajen santimita 75 shi ne daidai, ka gwada ta a tsaye, ka gwada a kwance, ka matsa taku ɗaya ko biyu. Kada ka yi mamakin taku ɗaya ya sauya komai: sigina tana iso maka ta hanya fiye da ɗaya, wata kai tsaye, wata ta bugi rufin maƙwabci ta dawo, a wani wuri su taru su ƙarfafa juna, ɗan gaba kaɗan su kashe juna. In akwatin yana da maɓallin mono, ka mayar da shi can. Sitiriyo, wanda ke raba sauti hagu da dama, yana buƙatar siginar da ta ninka ta mono, mai haɗe sautin wuri guda, wajen sau goma kafin ya yi tsabta, kuma labarai da tafsiri ba su rasa komai a mono. Mai saurare da wayar hannu ya sani igiyar iyafis ita ce eriyarsa, ya warware ta, kada ya dunƙule ta a aljihu.

In wannan bai wadatar ba, ka haɗa eriyar waje. Ka sami wayar tagulla mai kauri ko siririn bututun alminiyam guda biyu. Tsawon kowanne, ka raba 7,100 da mitar tashar, abin da ya fito santimita ne: tashar da ke 100, santimita 71; ta 90, wajen 79. Ka ɗaure su a kan katako a layi ɗaya, kai da kai, da tazarar yatsa biyu a tsakani ba sa taɓa juna. Ka samo wayar dish, cibiyarta a ɗaya sandan, ragar da ke kewaye a ɗayan, ka naɗe mahaɗin sosai don ruwa. Ka ɗaga a kan gora ko dogon ƙarfe, mita shida zuwa tara, ya haura rufi. A ƙasa ka mayar da eriyar akwatin ciki, ka maƙala cibiyar wayar a kanta, ragar kuma a gindin batir, wajen sifirin. Dokar tsayi da na faɗa a kan tasha tana aiki a kanka ma: daga kan benci zuwa saman gora ribar ta fi a ce tashar ta ninka injinta sau da yawa. Ka fara gwada sandunan a tsaye. In a kwance suka fi kamawa ka samu wata riba, domin eriya a kwance kurma ce ta wajen tsinin sandunanta biyu. Ka juya ta a hankali da asuba har tsinin ya kalli inda baƙuwar ke fitowa, ita ta raunana, ta Sakkwato ta rage. In hakan bai raba su ba, ka sa wani sanda na uku da ya ɗan fi tsawon su biyun a haɗe a bayan eriyar, tazarar wajen rabin mita, ta ɓangaren da ba ka so. Abu biyu nake roƙonka da girman Allah: kada gorar ta kusanci wayar lantarki ko da za ta faɗi, kuma da damina, da ka ga hadari ya haɗu, ka cire wayar daga akwati ka jefa ta waje.

Akwai abin da ke ci mini rai a wannan lamari, kuma zan faɗe shi. Da can, da matsakaicin zango ke aiki sosai, siginarsa bin ƙasa take yi, tana hawa tudu tana sauka kwari, da dare kuma ta tashi sama ta dawo ta kai ɗaruruwan kilomita. Makiyayi a dajin Gudu da manomi a Isa duk suna ji. Injinansa suna shan wuta ƙwarai, shi ya sa aka karkata ga FM mai daɗin sauti da sauƙin kuɗi. Amma jiha mai ƙananan hukumomi 23 ba za ta rufu da ƙarfe ɗaya a babban birni ba, lissafin da na yi maka a sama ya nuna haka. Maganinta ƙananan tashoshin maimaitawa ne a gabas da kudu da arewa, ko a raya matsakaicin zango. Wanda ya ga ambaliyar 2010 a kwarin Rima ya san darajar sanarwar da ta iso a kan lokaci. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro, akwatin rediyo ne ya rage wa mutane. Da shi ake jin sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, da shi ake jin rasuwa da hasashen damina. Tashar da za ta sauya mita hakkin masu saurare ne a kanta ta yi makonni tana shela, sannan bayan sauyin ta sa injiniyanta a mota da na'urar awo ya bi hanyar Goronyo, ya bi ta Illela, ya bi ta Tambuwal, ya ji da kunnensa abin da ya rage.

Kai ma kana da rawar takawa, kuma ta fi kiran waya a shirin gaisuwa a ce "ba mu jin ku". Ka sami takarda ka yi kwana bakwai kana rubutawa: sunan ƙauyenku, ƙarfe nawa tashar ta yi kyau, ƙarfe nawa ta dushe, ƙarfe nawa baƙuwar ta shigo ta kuma fita. Ka daure ka saurari baƙuwar har ta faɗi sunanta da garinta da mitarta, yawanci a kan sa'a suke faɗi. Ka tambayi mutum uku ko huɗu a wasu unguwanni ko su ma haka ne, ka rubuta da irin akwatinsu. Ka duba ko sauran tashoshin Sakkwato suna nan yadda suke. In duk suna nan ita kaɗai ta faɗi, ka ja layi a ƙarƙashin wannan. Ranar da ka shigo birni sayen kaya ka kai takardar gidan rediyon, ka ce injiniya kake nema, ba mai gabatar da shiri ba, ka bar kwafi a ofishin NBC. In ka haɗa eriyar, ka aiko mini da tsayin gorar da abin da ka ji da asubar farko.